Windows, Mac, Linux ko Chromebook: yadda za ka tsayar da babbar manhaja kafin ka sayi kwamfuta

Yawancin masu sayen kwamfuta da tambaya uku suke shiga kasuwa: nawa ne RAM, nawa ne girman ma'adana, awa nawa batir ke yi. Babbar manhajar kuwa, wadda ita ce ke yanke abin da zai hau kwamfutar da abin da ba zai hau ba, sai a bar wa mai shago zaɓinta. Shi kuma abin da ke kan kantarsa zai yaba maka, ba laifinsa ba ne, sana'a ce. Abin da ya kamata shi ne ka tsayar da babbar manhajar tun kana gida, sannan ka fita neman ƙarfen da zai ɗauke ta.

Zaɓin huɗu ne. Akwai Windows ta Microsoft, wadda ke zuwa a kan HP da Dell da Lenovo da Acer da Asus. Akwai macOS ta Apple, wadda ba a samun ta sai a kwamfutar Apple. Akwai Linux, wadda ba mallakin kamfani ɗaya ba ce, kyauta ake sauke ta, kuma iri-iri ce, irin su Ubuntu da Linux Mint da Fedora. Sai ChromeOS ta Google da ke kan Chromebook. Ka lura da wani abu tun yanzu: wanda ya sayi kwamfutar Windows yana iya goge ta gobe ya saka Linux, ko ya haɗa biyun. Wanda ya sayi sabuwar Mac ko Chromebook kuwa kusan ya ɗaure kansa da abin da ya tarar a ciki. Don haka kuskuren zaɓi ba farashinsa ɗaya ba.

Mataki na 1: rubuta aikinka da sunan manhajarsa

Ɗauki takarda da biro. Kada ka rubuta "karatu" ko "aikin ofis" ko "zane", waɗannan ba za su raba maka gardama ba. Sunan manhajar za ka rubuta: Word, Excel, CorelDRAW, AutoCAD, SPSS, Premiere Pro, duk abin da kake buɗewa. Sai ka kasa su uku: waɗanda da su kake cin abinci ko cin jarrabawa, waɗanda kake amfani da su amma za ka iya hakura da madadinsu, da na nishaɗi.

Duk aikin da a cikin burauza kake yin sa, kamar Gmail da YouTube da Facebook da Canva da Google Docs da shafin rajistar makaranta, ka ja masa layi ka soke. Chrome da Firefox suna nan a Windows da Mac da Linux, ba ruwan waɗannan ayyuka da wannan rigimar. Wasu za su ga takardarsu ta kusa komawa fara bayan sun soke. Idan kana cikinsu, to kowace daga cikin huɗun za ta yi maka, kuɗi da batir ne kawai za su yi hukunci.

Idan kai sabon ɗalibi ne, abin da kake yi yau ba shi ne ma'auni ba. Nemi 'yan aji uku ko huɗu na sashenku ka tambaye su manhajar da malamai ke tilasta musu. Kwamfutar da aka saya a aji ɗaya ita ce za ta rubuta furojet.

Mataki na 2: bi kashin farko ɗaya bayan ɗaya

Nan ne yawancin shawarar ke ƙarewa, domin manhaja ɗaya tak a kashin farko ta isa ta fitar da babbar manhaja daga lissafi.

Akwai waɗanda Windows kaɗai suka sani. Revit na masu zanen gine-gine, SolidWorks na injiniyoyi, ArcGIS Pro na masu taswira da safiyo, Microsoft Access, Power BI na kan kwamfuta, da Sage 50 da tsofaffin akantoci ke kira Peachtree. Haka tsohuwar Shamila, manhajar littattafan addini na Larabci, da malamai da ɗaliban ilimi suka saba da ita, don Windows aka gina ta. Mai gyaran waya a Farm Centre ko titin Beirut a Kano ma bai da wani dogon tunani: Odin na wayoyin Samsung da yawancin akwatunan filashin da buɗe waya Windows suke nema.

Akwai kuma na Mac kaɗai: Final Cut Pro na tace bidiyo, Logic Pro na haɗa sauti, da Xcode, wanda sai da shi ake kammala manhajar iPhone a tura ta App Store. Wanda ke son koyon gina manhajar iPhone da gaske, ko ba jima ko ba daɗe sai ya nemi Mac.

Sai waɗanda ke hawa Windows da Mac amma ba sa hawa Linux: Word da Excel na kan kwamfuta, Photoshop da Premiere Pro da sauran kayan Adobe, AutoCAD, FL Studio, Cubase, da CorelDRAW, wadda ta koma Mac a 2019. Jarrabawar da ake rubutawa daga gida ana sa maka ido ta kyamara, irin TOEFL, ita ma Windows ko Mac take karɓa, ban da Linux da Chromebook.

A nan kada ka tsaya a kan "akwai ta a Mac". Tambayar ita ce, ita ce daidai wadda abokan aikinka ke riƙe da ita? Ɗauki mai zanen katin biki da kalanda. Ya gama aiki a sabuwar CorelDRAW ta Mac, ya kai fayil ɗin wurin masu ɗab'i, su kuma tsohuwar CorelDRAW X7 ce a kan Windows ɗinsu. Fayil ya ƙi buɗuwa, sai ya koma ya sake adana shi a tsohon zubi. Ya buɗu, amma samfurin haruffan da ya zaɓa babu shi a kwamfutarsu, sunan amarya ya sauko layi na biyu. Ana magance wannan, ta hanyar mayar da rubutun ya zama zane kafin a kai, ko a kai PDF. Amma wanda kullum aikinsa ke shiga hannun wasu, zama a kan abin da suke kai ya fi masa sauƙi.

Linux tana da madadi masu kyau: LibreOffice a madadin Office, GIMP da Krita a madadin Photoshop, Inkscape a madadin Corel, QGIS a madadin ArcGIS. DaVinci Resolve da Blender da Stata da R da Python da Zotero kuwa Windows da Mac da Linux duk suna ɗaukar su. Ga mai koyon rubuta manhaja ko kula da sabar ko tsaron intanet, Linux gida ce, tunda mafi yawan sabobin duniya a kanta suke. Sai dai in faɗi gaskiya, masu son Linux suna yawan sauƙaƙa maganar madadi. LibreOffice na buɗe takardar Word, amma furojet mai shafi tamanin da jadawali da lambobin shafi iri biyu yakan ɗan goce, musamman da yake Times New Roman da Calibri ba sa zuwa da Linux. Malamin da zai duba da Word zai duba, kuma ba zai saurari bayanin cewa a wurinka daidai yake ba.

Kada kuma wani ya ce maka "ai ana saka wa Mac Windows". Da can haka ne, ta hanyar Boot Camp, lokacin da Mac ke amfani da furosesar Intel. Tun daga Nuwamban 2020 da Apple ya fito da tasa furosesar M1, Boot Camp ba ya aiki a sababbin. Abin da ya rage shi ne Parallels ko VMware Fusion, su gudanar da wata Windows ta musamman a cikin macOS. Ƙananan manhajoji na tafiya lafiya, amma ba zan ba ɗalibin injiniya shawarar ya dogara da hakan don SolidWorks ba.

Wasanni a taƙaice: Windows. Linux ta ci gaba sosai tun da kamfanin Valve ya fito da Proton, mai kunna wasannin Windows a kanta, a 2018, amma irin su Fortnite da Valorant har yanzu ba sa yarda da ita.

Mataki na 3: kayan da za ka jona, da fayil ɗin da za ka karɓa

Rubuta lambar firintarka da sikana, da duk wata na'ura da ke shiga kwamfuta: na'urar ɗaukar hoton yatsa, firintar rasit, injin yankan sitika, na'urar sauti ta situdiyo. Shiga shafin kamfanin kowacce ka ga wa suka yi wa direba, wato 'yar manhajar da ke haɗa na'urar da kwamfuta. Sababbin firintoci yawanci suna aiki da kowa, na HP ma suna da kyakkyawan tallafi a Linux. Tsofaffin firintoci masu arha da na'urorin yatsa kuwa sau da yawa direban Windows kaɗai gare su. Mai shirin buɗe shagon buga takardu da rajistar ɗalibai ya riga ya sami amsarsa a nan.

Wannan gargaɗin ya shafi wata sabuwar Windows ma. Tun 2024 ake sayar da kwamfutoci masu furosesar Snapdragon X. Batirinsu na daɗewa, kuma Windows 11 ce a kansu, amma ginin furosesar daban ne da na Intel da AMD, tsohon direba ba ya hawa. Ka tabbatar kafin ka biya.

Sai filash da hadis na waje. Wanda aka tsara da NTFS, wato tsarin Windows, Mac na karanta shi amma ba ta rubutu a kansa sai da ƙarin manhaja. Wanda Mac ta tsara da APFS kuwa Windows ba ta ma ganin abin da ke ciki. Mafita ita ce exFAT, kowa na karantawa yana rubutawa. FAT32 ma haka, sai dai ba ya ɗaukar fayil ɗin da ya wuce gigabait 4. Wani ɗan alheri ga masu Mac da Linux: bairos ɗin nan da ke ɓoye fayiloli a filash ya bar maka gajerun hanyoyi na bogi, wanda ake kwasowa a shagunan buga takardu, don Windows aka rubuta shi.

Mai rubutun Hausa zai so sanin inda ƙ da ɗ da ɓ da ƴ suke. Windows na da madannan Hausa a cikin saitin harshe. Linux ma na da su, har iri biyu, na Nijeriya da na Gana. A Mac, tsarin ABC Extended na fitar da su, ko da yake sai an danna maɓalli fiye da ɗaya. Manhajar Keyman kyauta ce kuma tana aiki a duka ukun. A Nijar da Kamaru da Chadi sai a ƙara duba allon madannan kansa, ko AZERTY ne na Faransanci ko QWERTY. Babbar manhaja na iya sauya tsarin, amma fentin da ke kan maɓallan ba zai sauya ba.

Mataki na 4: shekara nawa suka rage mata

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi cutar da masu sayen ta hannu. Kowace babbar manhaja na da ranar da masu ita za su daina aiko da gyaran tsaro. Kwamfutar ba za ta mutu a ranar ba, amma daga nan duk ƙofar da ɓarayin intanet suka gano a buɗe za ta zauna, kuma a hankali burauza da sauran manhajoji za su daina sabuntuwa a kanta.

Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, ya bar wani ƙarin wa'adi ga waɗanda suka yi rajista har zuwa 13 ga Oktoban 2026. Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021, tana da sharuɗɗa: RAM gigabait 4, ma'adana gigabait 64, guntun tsaro na TPM 2.0, da furosesar Intel daga tsara ta 8 zuwa sama, ko AMD Ryzen daga jerin 2000, ko da yake ba dukan na jerin 2000 ɗin ba. Sharaɗin furosesar nan ne ya zubar da miliyoyin kwamfutocin ofisoshin Turai da Amurka, kuma ba sai an faɗa maka kasuwannin da suke nufa ba.

Ga yadda ake karanta tsara. Duba lambar da ke bayan ɗan layin: i5-8250U tsara ta 8 ce, i5-7200U ta 7 ce, i7-4600U ta 4 ce. Daga ta 10 zuwa sama lambobi biyu na farko ake karantawa, kamar i5-10210U ko i5-1135G7. Kalmar "Core i7" ita kaɗai ba ta gaya maka komai ba. i7-4600U ta 2013 ce, kuma i5 ta tsara ta 8 ta fi ta gudu nesa ba kusa ba. Sunan samfurin ma bai isa ba, domin a cikin HP EliteBook 840 G5 da ThinkPad T480 da Dell Latitude 7490 akwai masu tsara ta 8, akwai masu ta 7.

Za ka ga tsohuwar kwamfuta da Windows 11 a kanta, domin akwai dabarar tsallake sharuɗɗan. Tana aiki, amma Microsoft bai yi alkawarin ci gaba da sabunta ta ba. Kowane zubin shekara na Windows 11 wata 24 ake tallafa masa a Home da Pro, kuma irin wannan kwamfutar ba ta hawa sabon zubi da kanta, sai ka koma wurin mai gyara. Idan kuɗinka iya tsohuwar ya kai, ka saye ta da farashin tsohuwa, ka sa a ranka Linux za ta ɗauka.

A ɓangaren Apple, macOS Tahoe 26 da ta fito a Satumban 2025 ita ce ta ƙarshe da ke hawa Mac mai Intel, kuma samfura huɗu kawai ta ɗauka a cikinsu. MacBook ta 2017 ko 2018 tana nan da kyan gani, tambarin tuffa na sheƙi, amma kwananta ya ƙare ko ya kusa ƙarewa, ga shi madannan da Apple ya yi amfani da su daga 2015 zuwa 2019 sun yi ƙaurin suna wajen maƙalewa idan ƙura ta shiga. A ƙasar da ake hunturu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Idan Mac za ka saya, daga M1 zuwa sama.

Chromebook ranar ƙarewarta a rubuce take a ciki. Google na ba samfuran da suka fito daga 2021 shekara 10, ana lissafi daga fitowar samfurin, ba daga ranar da ka saya ba. Linux ce ba ta da wannan matsalar sosai. Ubuntu na fitar da zubi mai dogon tallafi duk bayan shekara biyu a watan Afrilu, da tallafin shekara 5. Na 24.04 zai kai 2029, haka Linux Mint 22 da aka gina a kansa, kuma idan wa'adin ya cika kyauta za ka hau na gaba. Kwamfutar 2014 mai RAM gigabait 4, idan aka sa mata SSD, wato ma'adana mai sauri, da Mint mai fuskar Xfce marar nauyi, za ta yi rubutu da bincike da kallo ba tare da gunaguni ba.

Mataki na 5: wuta, data da mai gyara

Idan unguwarku wuta sai an ga dama, batir ya zama babban sharaɗi, kuma a nan MacBook Air mai furosesar M ta yi wa saura nisa. Tana iya kai ka yinin aiki, ba ta da fanka balle ta zuƙi ƙura, sai dai idan aiki ya yi nauyi a zafin Afrilu takan rage gudu don ta huce. Chromebook ma ba ta cin batir. A kwamfutocin Windows abin ya danganta da samfuri, kuma Linux a kan ƙarfe ɗaya sau da yawa takan ɗan fi Windows shan caji.

Data kuwa Windows ce uwar ci, tana sauke sabuntawa ba sallama. Maganinta: shiga Settings, sai Network & internet, ka zaɓi wayarka ko MiFi ɗinka, ka kunna Metered connection. Mac na da Low Data Mode, amma babban sabuntawarta na shekara kan haura gigabait 10. Linux Mint ba ta sauke komai sai ka ce. Chromebook na iya rubutu a Google Docs ba intanet idan ka saita tun farko, amma don mai intanet kullum aka yi ta. Wanda sabis ke wahalar da shi ya bar ta.

Sai ka tambayi kanka, idan ta lalace wa zai gyara? HP da Dell da Lenovo ko a ƙaramin gari za ka sami mai buɗe su, da batir da sikirin da caja. Da yawa daga cikin na ofis ana ƙara musu RAM a sauya SSD. MacBook mai furosesar M kuwa RAM da ma'adanarta a manne suke, yadda ka saye ta haka za ta tsufa, kuma gyaran allonta na ciki sai manyan kasuwanni irin Banex a Abuja ko Computer Village a Ikeja ko ƙwararrun Kano. Don haka kada ka sayi mai gigabait 8 da niyyar ƙarawa. Apple kansa ya mayar da MacBook Air gigabait 16 a Oktoban 2024. Mai Linux kuma ya san cewa idan ya kai ta shago, abu na farko da yaron shagon zai ce shi ne "bari a yi mata fomatin a sa Windows". Dole ya koyi neman amsa da kansa.

Mataki na 6: lissafin kuɗin da ba a rubuta a jikin kwali ba

Sabuwar kwamfuta mai Windows ta asali lasisinta na cikin farashi, a dashe yake a allon ciki, ko an goge an sake sakawa zai dawo. Wasu sababbin kuwa da FreeDOS suke zuwa, wato babu Windows, shi ya sa suka fi arha. A shafin Microsoft, Windows 11 Home dala 139 ce, Pro kusan dala 200. Abin da ake yi a kasuwa kowa ya sani, kirak ake sakawa, wato Windows ta sata, tare da Office da Corel da Photoshop na sata. Ban da maganar haƙƙi, ka tuna cewa don kirak ya zauna sai an kashe Windows Security, kuma a wannan kwamfutar za ka buɗe imel da asusun banki.

macOS da ChromeOS da Linux ba a sayen su daban. Amma Mac na da nata ƙarin kuɗin: MacBook Air ba ta da ramin filash irin na da, sai ka sayi mahaɗi, kuma duk manhajar kuɗi da ka dogara da ita sai ka sake duba lasisinta.

Mataki na 7: taɓa kafin ka yanke

Linux ce ta fi sauƙin gwaji, domin ba sai ka saka ta ba. Sauke Linux Mint daga shafinsu, wajen gigabait 3 ce. Nemi filash mai gigabait 8 wanda babu komai a ciki, ka rubuta ta a kansa da Rufus ko balenaEtcher. Kashe kwamfutar, jona filash, kunna kana danna F9 a HP, ko F12 a Dell da Lenovo, ka zaɓi filash ɗin. Mint za ta tashi ba tare da ta taɓa abin da ke cikin hadis ba. Gwada Wi-Fi, sauti, kyamara, Bluetooth, hasken sikirin, da firintarka. Buɗe takardar Word mafi rikitarwa da kake da ita. Idan Wi-Fi bai fito ba, yawanci direba ne, Driver Manager kan samo shi idan ka jona wayarka ta USB ka ba ta intanet.

Mac kuwa ka roƙi mai ita ya ba ka awa ɗaya ka yi aikinka na gaske, ba kallon hotuna ba. Maɓallin Command ne a madadin Ctrl, kuma jan maɓallin da ke kusurwa taga yake rufewa, manhajar na nan a kunne. Wasu kwana biyu sun saba, wasu har abada haushi yake ba su.

Ra'ayina bayan duk wannan: ɗalibi ko ɗan kasuwar da bai tabbatar da abin da gobe za ta nema ba, ya sayi Windows 11 ta asali, RAM gigabait 16 idan da hali, 8 idan babu, da SSD. Mai tace bidiyo ko marubuci mai yawan tafiya, wanda aljihunsa zai ɗauki gyara, Mac. Mai koyon rubuta manhaja, ko mai ƙaramin kuɗi da haƙurin koyo, Linux a kan tsohuwar ThinkPad ko Latitude. Chromebook ta yara ce da masu aikin burauza zalla.

Mataki na 8: a cikin shago

Kada ka yi sayen kifi a ruwa, ko da a kwali take. Mai shago zai ce, "Alhaji, Core i7 ce fa, ga Windows 11 a kai." Ka ce, "Madalla, Malam, ɗan kunna min in ga lambar." Sitikar da ke jiki ba shaida ba ce, ana ɓamɓarowa a liƙa.

A Windows, shiga Settings, System, About, ka karanta furosesa da RAM. A System ɗin dai, Activation zai nuna ko lasisin dijital ne. Idan ka ga an ce sabis ɗin wata ma'aikata ne ya kunna ta alhali kai ba ma'aikacinsu ba ne, kirak ne. Danna maɓallin Windows da R, rubuta tpm.msc, ka ga ko 2.0 ne. Buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, ka buɗe fayil ɗin da ya fitar, ka kwatanta Design capacity da Full charge capacity. Idan na biyun bai kai kashi 70 cikin 100 na na farko ba, a rage maka kuɗin batir. Shiga BIOS, wato shafin saitin da ake buɗewa kafin Windows ta tashi, ka tabbatar babu kalmar sirri. Ta hannu kuma, mafi aminci a mayar da ita sabuwa a gabanka a jona intanet, domin wasu na ofisoshin waje da zarar sun ji intanet sai su nemi imel ɗin kamfanin da ya mallake su.

A Mac wannan gwajin wajibi ne. Sa mai shago ya yi Erase All Content and Settings, a jona Wi-Fi, ka bi saitin farko da kanka. Idan ta nemi asusun Apple na wani, wato Activation Lock, ko ta nuna Remote Management da sunan wata makaranta ko kamfani, ajiye ta. Kada ka saurari "za a cire maka", cirewar kasuwa takan dawo bayan sabuntawa. Idan ta wuce, duba System Information, sashen Power, ka ga Cycle Count. Apple ya ƙiyasta batirin a kan zagaye 1000.

Chromebook a yi mata Powerwash, wato a mayar da ita sabuwa, a gabanka. Idan ta tashi tana cewa wata makaranta ce ke kula da ita, ba taka ba ce. Idan ta wuce, shiga About ChromeOS, Additional details, ka karanta ranar da sabuntawa zai tsaya.

A rasit, a rubuta samfuri da lambar siriyal da kwanakin gwajin da kuka yi yarjejeniya. Da ka isa gida, kafin ka zuba fayiloli, duba ko Windows ta kulle ma'adanar da BitLocker, domin sababbin zubin Windows 11 kan kunna shi da kansu idan ka shiga da asusun Microsoft. Mabuɗin ceto lambobi 48 ne, yana cikin asusun naka. Kwafe shi a takarda ka adana wuri daban da jakar kwamfutar, domin ranar da mai gyara ya sauya allon ciki ko ya taɓa saitin BIOS, kwamfutar za ta nemi lambobin kafin ta buɗe. A Mac sunansa FileVault, shi ma ka adana mabuɗinsa haka.